Zuwa ga Edita: Ba duka mawaƙan rap na Amurka ne 'yan daba ba, kasuwa ce ta tsinto mana su

Assalamu alaikum Edita,

Da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan gidan jaridar nan, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan sam min fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta daɗe tana yawo a jaridu da gidajen rediyonmu. Duk sanda aka tashi zancen lalacewar tarbiyyar yara sai kaji an ce ai waƙar rap ce ta baƙaƙen fatar Amurka, su suka koya wa yaranmu zazzago wando da shan kodin da zagin mata, shikenan sai a tsine musu a shafa fatiha a watse. Ni ban zo wanke kowa ba fa, akwai ƙazanta jibgi a cikin waƙoƙin nan wadda ko gaban sa'anka baka iya kunnawa balle gaban surukinka. Abinda nake so masu karatu su gane shi ne gambarar nan ta rap tun tana jaririya kala biyu ce take tafiya tare, akwai mai wayar da kai akwai ta neman kuɗi, kuma wanda ya yanke hukuncin wacce za ta cika kunnen duniya har ta iso Kano da Damagaram ba yaron unguwar da ke rera ta bane, manyan kamfanonin waƙa ne da gidajen rediyo da masu saye, su ke da wuƙa da nama, kuma da yawansu ma ba baƙaƙe bane.

Bari mu faro daga tushe. A unguwar Bronx ta birnin New York abin ya tsiro, lokacin da unguwar ta zama kufai, an ratsa babban titi ta tsakiyarta an tarwatsa gidajen talakawa, masu hali sun kwashe nasu ya nasu sun gudu, gobara kuwa kusan kullum har ana zargin wasu masu gidajen haya da cinna wa gidajensu wuta da kansu dan su karɓi kuɗin inshora. A cikin wannan hali ne ranar 11 ga Agusta 1973 wani saurayi haifaffen Jamaika da ake ce wa DJ Kool Herc ya haɗa ɗan casu shi da ƙanwarsa Cindy a wani ɗakin taro na gidan da suke haya, lamba 1520 layin Sedgwick, kuɗin shiga santi 25 ga 'yan mata santi 50 ga samari, ita burinta kawai ta samu na sayen kayan komawa makaranta. Shi kuma ya jera faifan garmaho biyu yana maimaita daidai wurin da ganga ta fi daɗi dan masu rawa su daɗe suna cashewa, ana ta zuba kirari a makirfo. Kaga kenan tun ranar farko akwai kuɗi a ciki, ba wa'azi aka taru yi ba. Wannan ya kamata masu cewa wai da can rap tsarkakakkiya ce daga baya aka ɓata ta su riƙe shi da kyau.

Faifan farko da ya fasa kasuwa a 1979, Rapper's Delight, surutun nishaɗi ne da fankama kawai, wata mata 'yar kasuwa Sylvia Robinson ce ta tattaro samari uku ta haɗa su a kamfaninta na Sugar Hill. To abin mamakin, a wannan kamfanin dai ne a 1982 aka fitar da The Message ta Grandmaster Flash da Furious Five, wadda har gobe ake cewa ita ce uwar rap mai faɗakarwa, waƙa ce da ta zayyana zaman geto ɗalla-ɗalla, fasassun kwalabe a hanya, ɓeraye da kyankyasai a ɗaki, bashi, makarantar da bata koyar da komai, yaron da ya tashi yana sha'awar 'yan daba har ya ƙare a kurkuku ya mutu a can. Kuma matar nan 'yar kasuwa ita ta dage sai an yi waƙar, yawancin 'yan ƙungiyar basu so ba a farko sabida a ganinsu waye zai je gidan rawa ya saurari labarin talaucinsa. Ta fito kuma ta yi kasuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ilimi da ciniki ba dole ne su zama kishiyoyi ba.

Daga wajen 1987 zuwa 1991 nan ne masu wayar da kai suka ci zamaninsu. 'Yan ƙungiyar Public Enemy, da jagoransu Chuck D wanda yake kwatanta rap da cewa ita ce CNN ɗin baƙaƙen Amurka, suna waƙa kan 'yan sanda da kurkuku da tarihin da ba'a koyarwa a aji, kundinsu na 1988 da na 1990 kowanne ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya. Ga KRS-One, wanda ya yi rayuwar kwanan titi yana matashi, aka harbe abokin aikinsa Scott La Rock a 1987 ya je raba faɗa, daga nan ya juya akalar waƙarsa gaba ɗaya zuwa koyarwa har ake ce masa Malam, shi ne ya tara manyan mawaƙan New York suka yi waƙar Self Destruction a 1989 bayan an kashe wani matashi a wajen wasa, suna roƙon baƙaƙe su daina kashe junansu, kuɗin da aka samu aka miƙa wa ƙungiyar National Urban League mai kare haƙƙin baƙaƙe. A shekarun nan in ka kalli hotunan samarin New York zaka ga da yawa sun ajiye sarƙar gwal sun rataya wata laya ta fata mai taswirar Afirka, ja da baƙi da kore, yara na neman littafin tarihin ɗan gwagwarmayar baƙaƙe Malcolm X suna karantawa sabida sun ji muryarsa a cikin kiɗa. Wato waƙa ta tura yaro laburare, ba malamin makaranta ba. Wannan tasiri ne na gaske a kan al'adar baƙar fata kuma ba'a cika faɗa mana shi a nan ba.

To me ya faru?

Abu na farko dai rayuwar unguwannin ce da kanta ta ƙara dagulewa. Hodar iblis ɗin nan ta dunƙule mai arha da suke kira kirak ta mamaye unguwannin baƙaƙe a tsakiyar shekarun 1980, masana'antu sun rufe ba aiki, bindiga ta yi yawa, gwamnati kuma maimakon magani sai ta zo da bulala, dokar 1986 ta ce giram 5 na kirak hukuncinsa ɗaya da giram 500 na garin hodar da masu kuɗi ke shaƙa, shekara biyar ba sassauci, sai a 2010 aka rage wannan tazara. An kwashe samari tuli an zuba a gidan yari. Dan haka lokacin da 'yan ƙungiyar rap ta N.W.A suka ɓullo daga Compton ta yankin Los Angeles da waƙoƙin bindiga da zagin 'yan sanda har hukumar FBI ta rubuta wa kamfaninsu wasiƙar gargaɗi a 1989, ba ƙarya zalla suka shirya ba, shekara biyu bayan nan duniya ta kalli bidiyon yadda 'yan sanda suka yi wa wani baƙar fata Rodney King dukan kawo wuƙa a Los Angeles a 1991, da aka wanke 'yan sandan a 1992 garin ya kama da wuta. Sai dai fa su N.W.A ɗin nan da suka faɗi gaskiya kan 'yan sanda, su ne dai suka cika faifansu da cin mutuncin mata wanda baki bazai iya maimaitawa ba. Abu biyun a cikin kaset ɗaya suke.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so Edita ka lura da shi, dan a nan gizo ke saƙar. Kafin 1991 mujallar Billboard da ke fitar da jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa tana dogara ne da abinda masu kantuna suka faɗa mata da baki, su kuma su faɗi abinda suka ga dama. A watan Mayun 1991 aka koma amfani da wata na'ura mai suna SoundScan da ke ƙirga duk faifan da aka saya a kan teburin biya. Ko wata biyu ba'a yi ba sai ga kundin N.W.A a lamba ɗaya a duk faɗin Amurka, kundin da rediyo ko taɓa shi bata yi sabida ashar. Nan idon manyan kamfanoni ya buɗe, suka gane ashe ba yaran geto kaɗai ke saye ba, 'ya'yan turawa ne na unguwannin masu hali suke zuba kuɗi, kuma abinda suke so su ji ba tarihin bauta bane ko nasihar a daina kisa, labarin bindiga suke so da ƙwaya da mata, su ji tsoro-tsoro daɗi-daɗi a cikin ɗakinsu mai sanyi sannan su kashe rediyo su tafi jami'a. Daga nan duk yaron da ya zo da kaset ɗinsa neman kwantiragi ya san kalar da ake nema. Ba wanda ya kafa dokar hana rap mai ilimi, kawai daina zuba mata kuɗin talla aka yi, ita kuma waƙa in ba'a tallata ta ba ko ta fi zuma daɗi a aljihun mai ita za ta ruɓe.

Sai kuma aka zo 1996 aka yi dokar sadarwa da ta cire takunkumin yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai iya mallaka a ƙasar. Kamfani guda, Clear Channel, daga tashoshi wajen 40 ya haura 1,000 cikin 'yan shekaru. Da can mai gabatar da shiri a garinsu shi ke zaɓen abinda zai saka, yana iya ɗaga yaron unguwa mai magana mai ma'ana, yanzu kuwa daga hedikwata ake aiko da jerin waƙoƙi 'yan ƙalilan a yi ta juya su safe da yamma a kowane gari. Tashar talabijin ta BET ma da baƙar fata Robert Johnson ya kafa a 1980, kamfanin Viacom ya saye ta a kan kusan dala biliyan 3 a farkon shekarun 2000. Yau ɗin nan kamfanoni uku ne, Universal da Sony da Warner, ke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa ta duniya.

Kuma kar a ɗauka su baƙaƙen Amurkan sun naɗe hannu suna kallo, wallahi sun fi mu jin zafin abin dan su a gidansu ake yi. A 1993 wani babban limamin coci a Harlem, Calvin Butts, ya tara faya-faye da kasa-kasai na waƙoƙin batsa a bakin titi ya kawo motar daɓe kwalta zai bi ta kansu, matasa masoya rap suka sha gaban motar suka hana, sai ya kwashi kayan ya tafi da su har ƙofar ofishin kamfanin Sony a tsakiyar birni ya zube musu, wato dai ga kayanku nan ku kuka san inda kuka samo. Wata dattijuwa 'yar gwagwarmaya C. Delores Tucker ita kuma hannun jarin babban kamfanin nishaɗi na Time Warner ta saya takanas dan ta samu shiga taron masu hannun jari a 1995, ta miƙe ta wanke su tas. Matsin ya yi yawa har Time Warner ta sayar da kasonta na kamfanin Interscope, wanda shi ke rarraba waƙoƙin su Dr. Dre da Snoop. To ka san me ya biyo baya? 'Yan watanni kaɗan wani kamfanin, MCA, ya saye rabin Interscope ɗin a kan kusan dala miliyan 200, sama da yadda aka sayar. Ko faifai ɗaya bai ragu a kasuwa ba, riba ce kawai ta canza aljihu. A 2004 ma ɗalibai mata na kwalejin Spelman a Atlanta, makarantar 'yan mata baƙaƙe ce mai tsohon tarihi, sun ce wa mawaƙi Nelly in zai shigo makarantarsu taron neman masu bada gudummawar ɓargo to sai ya zauna ya amsa tambayoyi kan wani bidiyonsa da ya mayar da mata kamar kayan kanti, gogan naka ya fasa zuwa.

Mata dai su suka fi kowa kwasar kashinsu a hannu a wannan ciniki. Alhali a cikin gidan rap ɗin akwai Queen Latifah da ta yi waƙa a 1993 tana tambayar waye ya ba namiji izinin kiran mace da sunan banza har ta ci babbar kyautar mawaƙa ta Grammy da ita, akwai Lauryn Hill da kundinta na 1998 wanda ta aro sunansa daga littafin masanin tarihi Carter G. Woodson na 1933 kan gurguwar tarbiyyar da aka yi wa baƙar fata, ta kwashe Grammy biyar a dare ɗaya kuma ya sayu miliyoyi. Duk mai cewa abu mai ma'ana baya sayuwa ya je ya duba wannan.

Amma fa ban yarda da masu ɗora wa kamfani laifi duka su wanke mawaƙi ba, ai ba ɗaure shi aka yi aka sa masa makirfo a baki ba. Jay-Z da bakinsa ya faɗa a wata waƙarsa ta 2003 cewa da gangan ya rage zurfin maganarsa dan kuɗinsa su ninka, har ya ambaci su Talib Kweli da Common a matsayin irin waɗanda zai zama da basira ce ke sayuwa. A 2019 mujallar Forbes ta ce ya zama biloniya, su kuma waɗancan suna nan da mutuncinsu da 'yan masoyansu daidai gwargwado. Yaron da ke zaune a Brooklyn yana kallon su biyun wa kake ganin zai bi? Harkar talla a cikin waƙa ma tsohuwa ce, tun 1986 Run-DMC suka tsaya a dandalin Madison Square Garden suka ce kowa ya cire takalminsa na Adidas ya ɗaga sama, dubban takalma suka tashi a gaban wakilin kamfanin da aka gayyato, nan take aka fara maganar kwantiragin da ya kai wajen dala miliyan ɗaya. Takalmi dai da sauƙi, daga baya abin ya koma giya, a farkon shekarun 2000 Busta Rhymes ya yi waƙa sukutum da sunan wata barasar Faransa.

Shi kuwa Tupac da hotonsa ya cika shagunan aski da bayan motocin haya a garuruwanmu, shi ne ya fi kowa nuna cewa layin nan da ake ja tsakanin mai ilimi da ɗan kasuwa ba a tsakanin mutane biyu yake ba, sau da yawa a cikin ƙirjin mutum ɗaya yake. Mahaifiyarsa Afeni 'yar ƙungiyar gwagwarmayar baƙaƙe ta Black Panther ce, da cikinsa ta yi zaman kurkuku. Ya yi waƙa kan yarinya 'yar shekara 12 da aka yi wa ciki kowa ya yi watsi da ita, ya yi ta lallashin mata masu rainon 'ya'ya su kaɗai, ya yi wa uwarsa wadda har yau in aka kunna sai kaga ƙato yana share ido, kuma shi ɗin dai ya yi waƙoƙin gaba da barazanar kisa da tonon silili. Aka harbe shi a Las Vegas a Satumbar 1996 yana da shekara 25, wata shida bayan nan aka harbe abokin gabarsa mawaƙi Biggie a Los Angeles yana da 24. Faya-fayensu suka ƙara tsada bayan mutuwarsu, iyaye mata biyu suka binne 'ya'ya, kamfanoni suka ci gaba da ƙirga kuɗi. Kuma abin bai tsaya ba, Nipsey Hussle 2019, Pop Smoke da King Von 2020, Takeoff 2022, duk harbi.

Mu Hausawa bai kamata wannan rigima ta zame mana baƙuwa ba. Muna da su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu masu waƙar farkar da al'umma, muna da Ɗan Maraya Jos da ya yi wa ɗan karen mota da talaka waƙa, kuma a ƙasar nan dai aka yi Gambu mai waƙar ɓarayi, ana sayen kaset ɗinsa ana dariya har da waɗanda ko allura basu taɓa ɗauka ba. To a ce wani attajiri daga wata ƙasa ya zo ya zuba kuɗi a kan Gambu shi kaɗai, ya watsa shi a kowace rediyo ta duniya shekara talatin, ya bar su Zungur a cikin kwali, me mutumin Sin ko na Brazil zai ɗauka Bahaushe ne? Abinda aka yi wa baƙaƙen Amurka kenan. A ganina wannan ita ce ɓarnar da ta fi kowacce girma, ta fi ashar ɗin ma, an ƙuntata hoton mutum sama da miliyan 40 ya koma na saurayi ɗaya mai bindiga a ƙugu da sarƙa a wuya. Likitocinsu da lauyoyinsu da malaman jami'arsu da tsofaffin da basa fashin coci ko masallaci duk sun ɓace daga hoton. Ɗan sanda ya ga yaro baƙi da hula ya riga ya yanke masa hukunci, mai ɗaukar aiki ma haka, har kotu ta shigo ciki, masu gabatar da ƙara na karanto baitin waƙa a matsayin shaida kamar yadda aka yi a shari'ar mawaƙi Young Thug a Atlanta, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 ta taƙaita hakan. Mai shirya fim ya kashe mutum ɗari a fim ba mai kai shi kotu.

Mu ma nan mun haɗiyi hoton ba tare da mun tauna ba. Ka tsaya a rumfar masu tura waƙa a waya a kowace kasuwa, yaro zai miƙo memori ya ce a cika masa da na turanci masu zafi, mai rumfar ya jawo fulda guda ya zuba masa, shi bai ji abinda ake faɗa ba mai turawar ma bai ji ba, abinda ke shiga kawai shi ne hoton, motoci da daloli ana watsawa da kofin roba mai ruwan hoda a hannu. Wannan kofin kuwa maganin tari ne mai kodin da ake haɗawa da lemo, daga birnin Houston salon ya yaɗu, ya ci ran DJ Screw a 2000, yana cikin abinda ya kashe Pimp C a 2007, Juice WRLD ma da ya mutu a 2019 yana ɗan shekara 21 an samu kodin a jininsa. Ba zan ce rap ce ta kawo kodin Arewa ba, wanda ya kalli binciken da BBC ta yi a 2018 wanda ya sa gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin ya san daga ina kwalaben ke fitowa, kuma matan aure da ke sha a cikin gida ba mawaƙan rap irin su Lil Wayne suke saurare ba. Amma bidiyon ya sa wa abin kwalliya a idon samari, wannan kam ba musu. Abin haushin shi ne yaron nan bai taɓa jin sunan Yasiin Bey ba, wanda aka fi sani da Mos Def, Musulmi ne da ya buɗe kundinsa na 1999 da Bismillah, ko Lupe Fiasco, sabida ba'a tura su a fulda.

Inda kuma rap mai wayar da kai ta samu ƙasa mai kyau, an ga aikinta a nan Afirka ta Yamma. A Senegal mawaƙan Keur Gui na garin Kaolack da wasu 'yan jarida ne suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a farkon 2011 sabida ɗauke wutar lantarki da ya ishi kowa, suka bi unguwa-unguwa da lasifika suna sa matasa yankar katin zaɓe, a 2012 Abdoulaye Wade ya sha ƙasa a yunƙurinsa na zarcewa karo na uku. A Burkina Faso mawaƙin rap Smockey na cikin jagororin ƙungiyar Balai Citoyen da suka taimaka wajen korar Blaise Compaoré a 2014 bayan shekara 27 a kan mulki. A Najeriya Eedris Abdulkareem, wanda tashin Kano ne, ya yi Jaga Jaga a 2004 har ta ɓata wa shugaban ƙasa na lokacin rai. Sai dai mu tamu kasuwar daban ce, mu ba kamfanin faifai ke saye mawaƙi ba, ɗan siyasa ne, ko kuma ƙungiyoyin bada tallafi da za su ba ka kwangilar waƙar wayar da kai kaji ta kamar ana karanta takardar asibiti. Irin wannan ma ai kasuwanci ne, sunan kawai aka canza. Kuma gaskiya wasu masu rap ɗin ilimin su ke kashe kansu da kansu, kiɗa lami, murya kamar mai karanta sanarwa, sai faɗa da nuna wa mutane yatsa, sannan su dawo suna kukan ba'a sauraronsu. Public Enemy ba da wa'azi kaɗai suka ci kasuwa ba, kiɗansu sai da ya girgiza bango.

Kendrick Lamar ya isa misali a yanzu. Daga Compton ɗin su N.W.A ya fito, kuma ta hannun Interscope ɗin nan da dattijuwa Tucker ta yi yaƙi da shi waƙoƙinsa ke fita, amma waƙarsa ta 2015 ita matasa suka riƙa rerawa a zanga-zangar adawa da kisan baƙaƙe da 'yan sanda ke yi, a 2018 ya ci babbar kyautar Pulitzer ta fannin kiɗa wadda kafin shi ba'a taɓa ba wani mawaƙi a wajen masu kiɗan gargajiyar Turai da jaz ba, a Fabrairun 2025 kuma shi ya yi wasan hutun rabin lokaci na Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. Kamfani bai ƙi ilimi dan yana ilimi ba, in zai kawo kuɗi da gudu za su rungume shi, su dai ba sa son jira ne da kasada. Tun 2017 ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna rap da danginta sun zarce kowane irin kiɗa yawan masu sauraro a Amurka, yanzu kuma da abin ya koma YouTube da Spotify da TikTok, duk abinda ka danna shi za'a ƙaro maka, kaga wani kaso na wuƙa da naman ya dawo hannun mai waya, har da mu nan.

Shi ya sa nake roƙonka Edita, shafinku na nishaɗi ya daina tsayawa kan wane ya sayi mota wance ta rabu da wane. Ku samo wanda ke jin turancin waƙoƙin nan sosai ya riƙa ɗauko guda ɗaya duk mako yana warware wa iyaye da yara abinda take cewa da Hausa, mai kyau da marar kyau, da wanda ya yi ta da kamfanin da ya fitar da ita. Sannan yaranmu masu gambarar Hausa a Kaduna da Jos da Kano da Yamai, a riƙa kiran waɗanda ke magana kan shaye-shaye da almajiranci da rashin aiki ana hira da su, ba sai wanda ya tara mabiya a TikTok kaɗai ba. Su ma masu gidajen rediyon FM in suna karantawa, dan Allah a riƙa sauraron waƙa har ƙarshe kafin a saka ta da rana tsaka yara na dawowa daga makaranta.

Na gode da wannan fili, a gaida mutan ofis.

Naku,
Mai karanta ku a kullum daga Tudun Wada, Zariya.